Allura, ashana, robar mahaifa ko ƙwaya: wace hanyar tazarar haihuwa ce za ta karɓi gidanku?

A Garwa, Marwa ko Ngaundere, da wuya a samu matar aure da ba ta taɓa jin labarin allurar wata uku ko ashanar hannu ba. Ana hirarsu a gidan suna, ana yi a layin awo. Sunayen kam an sani. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sanin yadda kowacce ke sauya jinin al'ada, da tsawon lokacin da ciki ke ɗauka kafin ya shiga bayan an daina, da irin ɗawainiyar da take ɗora wa mace da mijinta. Shi ya sa mace za ta karɓi allura yau, bayan wata biyu ta ga jini yana ɗiga ba ƙaƙƙautawa, ta tsorata ta bari, ta kuma gargaɗi maƙwabtanta. Binciken lafiyar iyali na ƙasa da aka yi a Kamaru a 2018 ya nuna kashi 15 cikin ɗari na matan aure ne ke amfani da hanyar zamani, alhali kashi 23 suna son su huta ko su dakata amma ba sa amfani da komai. A jihohin arewa uku masu amfani da ita sun fi haka ƙaranci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani cikin, bayan ɓari kuma wata 6. Wannan bai yi nisa da abin da kakanninmu suka sani ba. Da can mace kan tafi wankan jego gidan iyayenta ta daɗe, kuma kwanika abin kunya ne, domin an san abin da take jawowa: na goye ya rame, na ciki ya zo ƙarami, uwa ta ƙare da ƙarancin jini. Alƙur'ani ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, kuma ya tabbata daga Jabir ɗan Abdullahi cewa Sahabbai suna yin azalu, wato janyewa kafin maniyyi ya fita, alhali Alƙur'ani yana sauka. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta jinkirta ciki na ɗan lokaci idan miji da mata sun yarda kuma babu cutarwa, ta hana kashe haihuwa gaba ɗaya sai da larura.

Kafin ku taka ƙafa asibiti, maigida da uwargida su zauna su amsa abu uku. Yaushe kuke son ciki na gaba, baɗi ko bayan shekara uku? Asibiti yana kusa, kuma hanyar tana biyuwa da damina? Wane irin sauyin jini mace za ta iya jurewa: ɗaukewarsa, ɗigarsa, ko ƙaruwarsa? Amsar nan ita ke zaɓar hanya, domin kowa da kiwon da ya karɓe shi.

A fara da wadda ke hannun kowace mai jego. Shayarwa tana hana ciki, amma sai sharaɗi uku sun cika tare: jariri bai kai wata shida ba, al'ada ba ta dawo ba, kuma nono zalla yake sha dare da rana, ba a wuce awa huɗu da rana ko shida da dare ba a ba shi ba. Idan sun cika, mata 2 kacal cikin 100 ke ɗaukar ciki a watanni shidan nan. Inda ake faɗuwa shi ne ruwa da kunu. Da zafin Maris da Afrilu ya kankama sai kaka ta ce yaro yana jin ƙishi, a fara ɗura masa ruwa, daga nan koko. Tsotso ya ragu, jikin uwa ya farka ya saki ƙwai, kuma ƙwan yana fita ne kimanin mako biyu kafin a ga jinin farko. Ke nan mai cewa "ai ban ga al'ada ba tukuna" tana iya zama da cikin wata biyu ba ta sani ba. Wadda ba ta shayarwa tana iya ɗaukar ciki tun mako huɗu bayan haihuwa, wadda ta yi ɓari kuwa cikin mako biyu. Lokacin yanke shawara shi ne ranar da aka kai jariri rigakafin mako shida, wadda ta zo daidai da arba'in.

Allura ita ce aka fi nema, kuma dalilin a fili yake: minti biyar an gama, babu abin da za a gani a jiki ko a ɗaka. Iri uku ne. Depo-Provera ana yin ta a tsoka duk mako 13. Sayana Press maganin ɗaya ne amma ya fi kaɗan, miligiram 104 maimakon 150, yana cikin 'yar roba mai gajeriyar allura da ake sokawa ƙarƙashin fatar ciki ko cinya, kuma a inda aka koya wa mace tana iya yi wa kanta a gida. Noristerat kuwa duk mako 8 ce. Cikin mata 100 da ke allura shekara guda, kimanin 4 ke ɗaukar ciki, akasarinsu saboda makara. Akwai rangwame: ta wata uku tana jure makarar da ba ta wuce mako huɗu ba, ta wata biyu mako biyu, kuma ana iya yin kowacce mako biyu kafin ranarta. Wannan ya shafi masu zama a ƙauyukan Logon da Mayo-Danay, inda ruwa ke yanke hanya a Agusta da Satumba. Gara a karɓa da wuri kafin rafi ya kawo.

Ga abin da allura ke yi wa jini. A watannin farko yana rikicewa, ya ɗiga kwana goma, ya ɗauke, ya dawo. Da tafiya ta yi nisa sai ya ragu, zuwa shekara guda kusan rabin masu Depo ba sa ganin al'ada sam. A nan tsoro ke shiga, a ce jinin yana taruwa a mara zai zama ƙari. Babu jinin da ke taruwa. Al'ada shimfiɗar cikin mahaifa ce da ke kauri kowane wata sannan ta zube; maganin ya hana ta kauri, don haka babu abin zubarwa. Ga macen da haihuwa da zazzaɓin cizon sauro suka tsotse wa jini, wannan hutu alheri ne. Ƙiba tana iya ƙaruwa da kilo ɗaya zuwa biyu a shekara, wasu kuma suna jin ciwon kai ko raguwar sha'awa. Mai hawan jini da ya kai 160 bisa 100 ba a yi mata, mai shayarwa kuma sai jariri ya cika mako shida. Mai sikila tana iya yi, har ma an ga tana rage wa wasu tashin ciwon.

Babban aibin allura, wanda ya kamata a faɗa wa miji da kunnensa, shi ne jinkirin dawowar haihuwa. A matsakaici mai Depo tana ɗaukar ciki wata 10 bayan allurar ƙarshe, wasu su kai shekara da rabi. Mai Noristerat kimanin wata 6. Ba ta kashe mahaifa, kuma yawan shekarun da aka yi ana karɓa ba ya ƙara jinkirin. Amma wata goma a gidan da uwar miji ke ƙirga kwanaki ba ƙaramin abu ba ne. Don haka ba ma ba amaryar da ba ta taɓa haihuwa ba shawarar farawa da ita idan jinkirin 'yan watanni kawai take so. Wadda kuma ke son ciki da zarar ta yaye, ta bar allura wata shida kafin nan, ta cike gurbin da ƙwaya ko kwaroron roba. Sannan allura idan ta shiga ta shiga. Ko ba ta karɓe ki ba, sai ta cinye watanninta.

A daidai nan ashana ta sha gabanta. 'Yar sanda ce ta roba mai laushi, tsawonta kimanin santimita huɗu, kamar tsinken ashana. Ana sa ta ƙarƙashin fata a cikin damtsen hannun da ba a cika aiki da shi ba, bayan an yi allurar kashe zafi. Implanon tsinke ɗaya ce ta shekara 3, Jadelle tsinke biyu ta shekara 5, Levoplant tsinke biyu ta shekara 3. Babu hanyar wucin gadi da ta fi ta ƙarfi: cikin mata 1,000 da ƙyar a samu ɗaya ta ɗauki ciki a shekara. Ana iya sa ta tun kafin a sallami mai jego daga asibiti, ba ta taɓa nono. Shekarun da aka rubuta iyaka ne kawai. Ranar da kuka so a cire, a cire, kuma haihuwa tana dawowa nan take, har wata kan yi ciki kafin ta ga al'adar farko.

Bayan an sa, a bar wurin a bushe kwana huɗu. Mai wankan jego ta kula da wannan, kada ganyen wanka da ruwan zafi su jiƙa bandejin. A naɗe hannun da leda ko a ɗaga shi. Ɗan kumburi da taruwar jini na 'yan kwanaki ba komai ba ne, amma ja da zafi da mugunya suna bukatar komawa asibiti. Daka, ɗiban ruwa da noma duk ana ci gaba da su bayan ciwon ya warke. Wadda aka sa da kyau ba ta yawo a jiki ta tafi zuciya kamar yadda ake faɗa. Idan an sa ta daidai, mace tana jin ta da yatsa a inda aka sa. Matsalar da ake samu ita ce a soka ta da zurfi cikin tsoka, wanda ke sa cirewa ta yi wuya. Saboda haka kafin ki tashi daga gadon, ki taɓa ki ji ta, kuma ki tambaya ko a nan wurin akwai mai cirewa da kayan cirewa. Wannan tambayar ta fi taɓawar muhimmanci, domin mace da ta gaji da ashana ta rasa mai cire mata, ba za ta sake yarda da asibiti ba. Haƙƙinta ne a cire ranar da ta nema.

Raunin ashana jini ne. Na allura yakan lafa ya ɗauke, na ashana ba shi da tabbas: wata ta daina gani, wata ta gani jefi-jefi, wata kuma ya yi ta ɗiga makonni, kuma hakan na iya ci gaba bayan shekarar farko. Wannan shi ne dalili na ɗaya da ke sa a cire ta kafin lokaci. Akwai abin yi kafin a kai ga cirewa. Ma'aikaciyar lafiya tana iya rubuta ibuprofen miligiram 800 sau uku a rana bayan cin abinci na kwana biyar, ko ƙwayar tazara mai sinadari biyu ta kwana 21 ga wadda ta dace da ita. Sau da yawa yana tsayawa, ko da zai dawo daga baya. Mai gyambon ciki ta faɗa kafin a ba ta ibuprofen.

Mun daɗe a kan jini domin a gidajenmu jini ba maganar lafiya kaɗai ba ce. Salla ce, azumi ne, shimfiɗar miji ce, ranar girki ce. Macen da ke zaton duk ɗigon da ta gani haila ne za ta yi wata guda ba salla, ta ƙaurace wa mijinta, gida ya ɗauki zafi. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, mai al'ada sananniya idan jini ya zarce tana ƙara kwana uku a kan kwanakinta, muddin jimillar ba ta wuce 15 ba; abin da ya biyo baya jinin istihala ne, ta yi wanka ta yi salla. Idan yana zuwa yana ɗaukewa, tana harhaɗa kwanakin jinin, ranar da ya ɗauke kuma tana da tsarki. Kafin a sa ashana ko a fara allura, yana da kyau mace ta je wa malamar Islamiyyarsu da wannan mas'ala, shi ma maigida ya san hukuncin. Gidan da ya san wannan tun farko ya fi jure watanni ukun farko, waɗanda su ne masu wuya.

Robar mahaifa, wadda za ki ga an rubuta DIU a katin asibiti, ita ce aka fi tsoro, kuma a ganinmu ita ce aka fi zalunta. 'Yar roba ce mai siffar harafin T, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, an naɗe ta da jan ƙarfe, da zare biyu siriri a ƙasa. Babu sinadarin da ke shiga jini. Jan ƙarfen ne ke raunana maniyyi ya hana shi isa ga ƙwai. Don haka ba ta kawo ƙiba, ba ta taɓa nono, ba ruwanta da hawan jini, al'ada kuma tana zuwa a kan lokacinta. Tana aiki shekara 10 zuwa 12, ƙasa da mace 1 cikin 100 ke ɗaukar ciki a shekara, kuma ana cirewa haihuwa ta dawo. Ana sa ta cikin awa 48 bayan haihuwa, idan an wuce haka sai bayan mako huɗu. Sawar tana ɗaukar 'yan mintoci, da murɗar mara kamar ta al'ada. Sai an duba mace ta ƙasa, wanda shi ke korar da yawa. Ki nemi ungozoma mace, ba laifi ba ne.

Kuɗin da ake biya a jiki shi ne al'ada ta ƙara yawa da tsawo da ciwon mara, musamman wata uku zuwa shida na farko. Mai zubar da jini da yawa tun asali, ko wadda tafin hannunta da cikin idonta suka yi fari, ta auna jini tukuna, ta kuma haɗa da ƙwayar ƙarin jini. Don ciwon mara a sha ibuprofen ko parasitamol, a guji asfirin domin yana ƙara zuba. Robar tana iya zamowa ta fito, galibi a watannin farko tare da al'ada, shi ya sa ake komawa a duba bayan mako uku zuwa shida. Huda mahaifa wajen sawa yana faruwa kimanin sau ɗaya cikin 1,000. Ba a sa wa mai ciwon sanyi na saduwa ko ruwa mai wari sai an yi magani, ita da mijin, a gidan da ke da kishiyoyi kuma har da su, in ba haka ba cutar za ta dawo. Idan maigida yana jin zaren, a koma a ƙara datse shi. Roba ba ta iya bin jiki ta hau ƙirji. Cushe-cushen kayan matsi kuwa a bar su, suna ƙona fata su buɗe wa cuta ƙofa.

Idan aka jera ashana da roba: duka biyun an sa an manta ne, duka suna da ƙarfi, duka ana cirewa ciki ya shiga. Wadda ba za ta jure rikicewar kwanaki ba amma za ta jure ƙarin jini, roba. Wadda jininta ya yi ƙasa, ko ba ta son a duba ta, ashana.

Ƙwaya iri biyu ce, kuma rikita su yana da illa. Mai sinadari biyu, irin Microgynon, kati ne mai 28: guda 21 na magani, 7 masu launi daban na hutu, a cikinsu al'ada ke zuwa. Ita ce mai gyara jini, ya zo a kan kari, ya ragu, ciwon mara ya yi sauƙi, kuma ana dainawa haihuwa ta dawo. Amma tana rage nono, don haka mai shayarwa ba ta shan ta sai jariri ya cika wata shida. Ba a ba mai hawan jini daga 140 bisa 90, ko wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, ko mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, ko mai shan taba da ta kai shekara 35. Saboda haka sayen ta a teburin mai magani a kasuwa ba tare da an auna jini ba ganganci ne. Ta masu shayarwa, irin Microlut, sinadari ɗaya ce, duk ƙwayoyin launi ɗaya, ana sha kullum ba hutu, ana iya farawa tun cikin jego.

Cikin mata 100 masu ƙwaya, 7 ke ɗaukar ciki a shekara, kuma mantuwa ce sila. Ta masu shayarwa ba ta jure makarar da ta wuce awa uku, musamman idan al'ada ta dawo. In an makara a sha nan take, a yi kwana biyu da kwaroron roba. Mai sinadari biyu ta fi haƙuri: an manta ɗaya ko biyu, a sha ɗaya da an tuna a ci gaba. An manta uku ko fiye, a ci gaba da sha amma a kiyaye kwana bakwai, wato a ƙaurace ko a sa kwaroron roba. Idan a mako na uku na katin ne, a tsallake ƙwayoyin hutu a buɗe sabon kati. An yi amai cikin awa biyu da sha, a sake shan wata. Kuskuren da aka fi yi shi ne shan ta ranar girki kawai, ko ajiye ta idan maigida ya yi lodi ya kama hanyar Kuseri da Njamena. Ƙwaya ba ta aiki haka, sai an sha kowace rana, yana nan ko ba ya nan. A ɗaure ta da sallar Isha'i, lokacin da ko azumi ya zo ba sai an sauya ba.

Akwai wata magana da ba a cika tambaya ba, alhali tana kawo ciki a kan ashana. Maganin tarin fuka mai rifampisin, da wasu magungunan farfaɗiya irin Gardénal da Tégrétol, da efabirenz cikin magungunan ƙanjamau, suna sa hanta ta narkar da sinadarin ƙwaya da na ashana da sauri. Mai shan ɗayansu ta faɗa. Depo da robar mahaifa su ne ba sa raunana da waɗannan.

Sai hanyoyin da nauyinsu ke wuyan maigida. Kwaroron roba shi kaɗai ke kare ciki da cutar saduwa a lokaci guda, ba ya taɓa jinin mace ko kaɗan. Idan ana sa shi daidai kowane karo, 2 cikin 100 ne. Yadda mutane ke yi a zahiri, 13. Ana sa shi tun kafin a fara, a matse kan don iska ta fita, a janye tun gaba bai kwanta ba ana riƙe da bakinsa. Man shafawa, basilin da man kaɗanya suna cinye robar ta fashe. Zafi ma haka: wanda ya kwana biyu a aljihu ko a akwatin babur cikin ranar Garwa, a jefar. Azalu ba ya cin ko sisi, amma ma'aurata 20 cikin 100 suna samun ciki a shekara, domin yana bukatar namiji mai iya riƙe kansa kowane karo, kuma malamai sun shardanta yardar matar.

Carbin ƙirga kwanaki yana da duwatsu 32. Ranar da jini ya fara a sa zoben roba a kan jan dutse, kullum a matsa gaba ɗaya. Fararen duwatsu 12, daga rana ta 8 zuwa ta 19, su ne kwanakin ɗaukar ciki, a ƙaurace ko a sa kwaroron roba. Yana yi ne kawai ga wadda al'adarta ke zagayowa tsakanin kwana 26 da 32, kuma 12 cikin 100 suna ɗaukar ciki. Mai jego ba ta fara shi sai ta ga al'ada sau huɗu kuma ta daidaita, wato daidai lokacin da ake tsoron kwanika ba shi da amfani. A gidan mace fiye da ɗaya, ko inda miji ke zuwa kwana uku a wata, kwanakinta za su riƙa faɗawa kan fararen duwatsu.

Ƙwayar gaggawa, irin Norlevo ko Postinor, ta ranar da kwaroro ya fashe ce ko aka yi mantuwa. Ana sha da wuri-wuri, ya fi kyau cikin kwana uku, iyaka biyar. Jinkirta fitar ƙwai take yi, ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga, kuma ba ta kare saduwar gobe. Ɗaurin mahaifa da ɗaure jijiyar maniyyin namiji na dindindin ne, sai inda likita ya ga wani cikin zai iya halaka uwa, kamar bayan tiyatar haihuwa da yawa ko ciwon zuciya. Na namiji ba dandaƙa ba ne, amma sai bayan wata uku yake kama aiki. Haɗiyar 'ya'yan zurma, da jiƙon kanwa, da tsarki da ruwan gishiri bayan saduwa, ba abin dogaro ba ne, ƙwayar zurma ma tana ɗauke da dafi.

Idan za mu ba da shawara kai tsaye: mai jego da ke son shekara biyu zuwa uku, ashana ko roba, musamman idan asibiti da nisa. Mai 'ya'ya da yawa da ta haura 35, ga hawan jini, roba ta fi mata. Mai son hutun wata shida zuwa shekara, kamar bayan ɓari, ƙwaya ko kwaroron roba. Mai ƙarancin jini da ba ta gaggawar wani ciki, allura. Wanda ke yawan tafiya, ko gidan da ciwon sanyi ke yawan dawowa, a haɗa kwaroron roba da duk abin da aka zaɓa. Kuma sauya hanya ba faɗuwa ba ce, sai dai a fara sabuwar a ranar da aka bar tsohuwar, kada a bar giɓi.

Ba dole sai mace tana cikin al'ada za a fara mata ba. Da yawa ana mayar da su gida a ce su dawo idan sun ga jini, mai shayarwa kuwa tana iya yin shekara ba ta gani ba, kafin nan ciki ya shiga. Ya isa a tabbatar babu ciki: ko ba a sadu ba tun haihuwa ko tun al'adar ƙarshe, ko haihuwar ba ta wuce mako huɗu ba, ko sharuɗɗan shayarwa uku suna nan, ko a yi gwajin fitsari. Idan an fara allura, ashana ko ƙwaya mai sinadari biyu ba a farkon al'ada ba, a kiyaye kwana bakwai na farko. Robar jan ƙarfe tana kama aiki nan take.

Ana samun waɗannan hanyoyi a sashen awo na asibitocin gwamnati, daga ƙananan na unguwa zuwa na gunduma, da cibiyoyin ƙungiyar CAMNAFAW, a Chadi kuma na ASTBEF. A tafi da katin awo, a faɗi duk maganin da ake sha, a nemi a auna hawan jini, a kuma sa a rubuta sunan abin da aka sa da ranar komawa ko cirewa. Maigida ya ajiye ranar a wayarsa. Kada a jira ranar katin idan jini ya ninka na kullum ko yana zuba sosai fiye da kwana takwas, ko zazzaɓi ya haɗu da ciwon mara da ruwa mai wari, ko mai roba ta ji taurin robar a bakin mahaifa ko al'adarta ta ƙi zuwa. Mai ƙwaya da ta ji ciwon ƙirji, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko kai ya sara har gani ya dushe, ta daina sha ta tafi asibiti a ranar. Ciwon mara mai tsanani a gefe ɗaya tare da jiri, a kan kowace hanya ake, yana iya zama ciki a wajen mahaifa. Ko tsakar dare ne a nemo abin hawa, a nufi asibitin da ke da ɗakin tiyata.